Na gaji, amma ban ce ya isa ba

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku 'yan'uwa. Na daɗe ina so in ba da wannan shaidar amma kunya ta riƙe ni, don cikin masu karantawa akwai waɗanda muka tsaya layi ɗaya a koral, ƙungiyar mawaƙan majami'a, shekara da shekaru, suna ganina da farar riga ina ɗaga murya, basu san abinda ke cikin aljihun wandona ba. Toh yau dai zan faɗa, wanda zai yi dariya ya yi.

A Garwa ta arewacin Kamaru aka haife ni. Iyayena daga wajen Mubi suka tsallako tun ba'a haife ni ba, shi yasa a gida Hausa muke yi, a kasuwa Fulatanci, Faransanci kuma ɗan abinda na tsinta a lekol, wato makaranta, kafin in gudu. Baba kafinta ne, dattijon ikkilisiya, ya rasu ina ɗan shekara 19. Ya bar mana zarto da guduma da suna mai kyau, kuɗi kam babu. Sana'ar katako bata shiga kaina ba sai na kafa tebur a bakin hanya ina saida zuwa-zuwa, man fetur ɗin nan da ake shigowa da shi daga Najeriya a jarka, kan babura ko ta ruwan Binuwai in ruwa ya kawo. Duk wanda ya zauna a Garwa ya san mu, kwalabe jere kan tebur, mazurari da tsumman tata, masu babur suna tsayawa a zuba musu lita ɗaya su wuce. Da teburin nan na yi aure, da shi na saya wa matata keken ɗinki, muna cin tuwonmu lafiya lau babu wanda yake bina ko dala.

A 2014 ne abu ya juya. Lokacin rikicin Boko Haram ya rikita kan iyaka, hanyoyin arewa wajen Banki da Amcide sun mutu, kaya suna wuyar shigowa, sai muka haɗa kai mu uku muka karɓi mai bashi, nawa jarka 40. Kwale-kwalen da ya ɗauko man ya kife da daddare. Mutanen sun fita da ransu, mun gode Allah, amma jarkokin wasu ruwa ya tafi da su wasu suka fashe. Na wayi gari da bashin da ko shekara zan yi ina zuba wa masu babur mai ba zan biya ba.

Wani abokina ne ya zo mun jaje, yace kai wannan ba banza ba, hannu aka sa maka, zo in kai ka wani wuri. Nace ni mai bi ne fa. Yace ai ba barin addininka zaka yi ba, taimako ne kawai, mai nema yana tare da samu. Wannan maganar ta mai nema yana tare da samu, shekara tara na yi ina maimaita ta a zuciyata kaman ayar haddacewa.

Wani ƙauye ne bayan Gidar, sai ka sauka a mota ka hau babur ka kuma taka da ƙafa. Har yanzu ina ganin ɗakin, bukka ce ƙarama, ƙofar sai ka sunkuya, ciki duhu da warin turare da na tsohon jini, ƙwarya a kife, jan ƙyalle a bango. Mutumin bai tambayi sunana ba sai sunan uwata. Na faɗa masa sunan Mama da bakina, matar da take tashi ƙarfe huɗu na asuba tana mun addu'a. Yace in kawo baƙin zakara da turare kwalba uku da jika 25 na sefa. Ya bani laya ɗinkakkiya da fata yace in binne ƙarƙashin teburina cikin dare kar kowa ya gani, duk Alhamis kuma in yayyafa turare a wurin. Na yi yadda yace. Ko sati biyu ba'a yi ba wani mai kamiyo, wato babbar mota, ya tsaya ya kwashe duk man da nake da shi ya biya hannu da hannu, ya kuma dawo har sau uku.

Da ace ban samu komai ba a karon farkon nan da na tofar da yawu na koma gida. Wannan ɗan cinikin ne ya cuce ni, shi ne ƙugiyar da ta shiga bakina.

Daga nan sai tafiya ta miƙe. In ciniki ya tsaya sai ace aikin ya yi sanyi a sabunta. In wannan bokan ya gaza sai a mun kwatancen wani wanda ya fi shi. Na shiga harkar albasa ina so in huce asara, muka loda zuwa kudu, mota ta lalace a hanya kwana biyar a rana, albasa ta ruɓe har direba yana toshe hanci. Ban ce Allah me kake nuna mun ba, sai na hau mota zuwa Mokolo na wuce Rumsiki wajen masu duba da ƙaguwa. Wanda bai taɓa gani ba, kasko ne ake zuba ruwa da yashi a jera 'yan itatuwa da ɓallin ƙwarya, a saka ƙaguwa a rufe, in an buɗe sai mai duban ya karanta yadda ta ture su. Ni ɗan dattijon ikkilisiya, wanda ya haddace Zabura 23 tun yana ɗan shekara bakwai, na durƙusa ina jiran ƙaguwa ta gaya mun abinda gobe zata haifar. Na je Kuseri na tsallaka gadar Ngeli na shiga Njamena wajen wata mata da aka ce aljanunta basa ƙarya, na kwana biyu a tasha sauro yana cina. Kuma kar wani ya ɗauka wajen bokaye kaɗai na yi yawo, har Ngawundere na hau wajen wani mai kiran kansa annabi, da kwat da makirfo, yana saida man shafewa ƙaramar kwalba jika 10. A zuciyata duk ɗaya ne, abinda zan saya in riƙe a hannu nake nema, ko da sunan wa aka saida mun ban damu ba.

Abin mamakin shi ne duk wannan wahalar ban taɓa cewa ta mun yawa ba. Garwa zuwa Marwa sama da kilomita 200 ne, a zafin watan Maris kana matse cikin mota gwiwarka a ƙirjinka, ban yi gunaguni ba ko sau ɗaya. Amma majami'armu da ƙafa minti goma ne daga gidana, in fasto ya wuce ƙarfe goma sha biyu don ana juya wa'azi daga Faransanci zuwa Fulatanci sai ka ganni ina duba agogo ina tsaki ƙasa ƙasa, wai an gajiyar da mu. Addu'ar Laraba na daina zuwa nace aiki ya mun yawa. Baiko kuma sai in laluba aljihu in nemo sefa 100 mafi tsufa in jefa, alhali ran Alhamis na zubar da turaren jika 3 a ƙasa.

Akwai wani Alhaji mai shagon kayan babur kusa da teburina, mutumin kirki, ya san Baba. Wata Alhamis da sassafe ya kama ni ina yayyafin, ya tsaya ya dube ni yace ɗana, mu a addininmu wannan shirka ne, ku kuma na tabbata littafinku bai ce ku yi ba, mahaifinka da na sani ba zai yi wannan ba. Nace Alhaji maganin warin mai ne kawai. Yayi murmushi ya buɗe shagonsa bai sake mun maganar ba.

A 2021 na sayar da keken matata. Nace mata jari zan ƙara in mayar mata cikin wata biyu. Kuɗin wajen wani boka suka tafi wanda yace rago yake so ba zakara ba. Shekarar ce babbar 'yata ta zauna a gida bata koma lekol ba don babu kuɗin rajista, tana kallon ƙawayenta suna wucewa da jakunkuna da safe sai ta shige ɗaki. Matata bata yi mun ihu ba, da ta yi ma da ya fi mun sauƙi. Sai dai ta koma karɓar ɗinki tana zuwa gidan maƙwabciya tana aron keke da rana in mai shi ta tashi.

Na gaji fa. Kar ku ɗauka daɗi nake ji. Akwai daren da zan kwanta in ji kaman an ɗora mun buhun siminti a ƙirji, in ce daga yau na bari. Sai gari ya waye wani ya biya ni tsohon bashi, ko ciniki ya ɗan motsa kwana uku, sai in ce ka gani ko, aikin ya fara ci, saura kaɗan. Kullum saura kaɗan.

Ran 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban Najeriya Bola Tinubu yace tallafin mai ya ƙare. Mu nan Garwa a jikinmu muka ji, cikin 'yan kwanaki kuɗin zuwa-zuwa ya yi sama, ribar da muke ci a tsakani ta narke, da yawa suka kife teburansu. Ni kuma maimakon in gane cewa magana ce ta gwamnati wadda ta shafi kowa, sai na ce maƙiya ne suka sake tasowa. Aka mun kwatancen wani a bayan Marwa. Na ci bashin tontin ɗin matata, wato adashinta, ba da saninta ba, na sayi turaren da aka ce, na sa a jaka, zan kama motar asuba.

A lokacin Mama tana wurinmu, yanar ido ta rufe mata gani, sai dai haske da duhu. Tana da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, bangon ya rabu an ɗaure shi da robar tayar keke, kowane dare jikarta take karanta mata sura ɗaya, bi da bi, basa tsallake ko sunayen zuriya. Daren nan yarinyar zazzaɓi ya kwantar da ita sai Mama ta kira ni tace zo ka karanta mun, mun tsaya a Ishaya, inda tsinken tsintsiya yake. Na shiga da jakata a kafaɗa don bana so in ajiye ta inda matata zata buɗe. Na zauna bakin tabarma na haska da fitilar waya. Sura 57 ce.

Da farko ina karantawa ne kawai kaman mai karanta takardar wani. Annabin yana faɗa da mutanen da suke bin gumaka a ƙarƙashin itatuwa, suna yanka 'ya'yansu a kwazazzabai, suna zuba wa duwatsun rafi hadaya ta sha. Kuma da yake da "ke" yake magana, kin yi kaza kin yi kaza, kaman yana yi da mace mazinaciya, sai na ji hankalina kwance, nace wannan ta mata ce. Sai na iso aya ta 9, inda yake cewa ta ɗauki mai ta tafi wurin sarki, ta yawaita turarenta, ta aiki manzanninta can nesa har ƙasa wurin matattu. Muryata ta ɗan sarƙe. Aya ta 10 kuma, ma'anarta ita ce, tsawon hanyarki ya gajiyar da ke amma baki ce ba amfani ba, kin sami sabon ƙarfi shi yasa baki karaya ba.

Mama tace sake karanta wannan. Na sake. Ta yi shiru, ni ma na yi shiru, ɗakin kuma duk ya cika da ƙamshin turaren da ke jakata don murfin ɗaya bai rufu da kyau ba, sai a lokacin na lura. Can sai tace, ɗana, nawa ne kuɗin mota zuwa Marwa yanzu?

Ban taɓa gaya mata zan je Marwa ba. Nace Mama ban sani ba. Tace toh, ƙarasa mun surar. Na ƙarasa da ƙyar, ta yi addu'arta ta kullum, ta ambaci sunana kaman yadda ta saba bata ƙara komai ba, tace in ja mata ƙofa.

Zan so in ce muku a daren na tuba. Ban tuba ba, motar asuba na kama. Abinda na gaya wa kaina a hanya shi ne ni dai na riga na lalace, wanda ya kai sunan uwarsa wurin boka wace gafara ta rage masa, gara in ƙarasa abinda na fara. Na je, na bada kuɗin tontin, aka bani ƙullin gari in zuba a ruwan wanka. A hanyar dawowa motarmu ta tsaya a Figil ana gyaran taya, na sauka na zauna gindin wata bishiya, ayar nan tana ta juyawa a kaina, kin gaji amma baki ce ba amfani ba. Na lissafa shekarun da yatsu, tara. Na nemi abu ɗaya da zan nuna in ce ga abinda na samu, babu, har keken ma babu. A wurin na bar ƙullin, ban ma jefar da shi da wani ƙarfin hali ba, ajiye shi na yi a gindin bishiyar kaman wanda ya manta.

Bayan kwana uku na je wurin fastonmu da yamma na zayyana masa komai. Na ɗauka zai zabura, sai ya jawo kujera ya buɗe Littafin. Shi ya bani labarin abinda ke bayan irin wannan faɗan. Yace Ishaya ɗan Amoz a Urushalima ya yi annabci sama da shekara 700 kafin haihuwar Yesu, zamanin sarakuna Uzziya da Yotam da Ahaz da Hezekiya, kuma mutanen nan basu ce sun bar Allah ba, ƙari suke yi a kansa, kaman ni. Ya nuna mun a 2 Sarakuna 16 yadda Ahaz da tsoro ya kama shi ya kwashi azurfa da zinariya na Haikali ya aika wa sarkin Assuriya don ya cece shi, har ya je Dimashƙu ya ga wani bagade ya aiko da zanensa a gina irinsa a Urushalima. Ya nuna mun Ishaya 30 inda ake loda dukiya a kan jakuna da raƙuma ana ratsa hamada zuwa Masar wurin mutanen da ba zasu amfane su ba. Ina ji ina ganin keken matata a bayan amalanke.

Abu biyu ya faɗa da suka zauna mun. Na farko, wurin da aka ce kin sami sabon ƙarfi, yace a Ibraniyanci kalmomin su ne kin sami ran hannunki, wato hannun da ya mutu ya ɗan motsa. Nace Fasto ai wannan shi ne mai kamiyon nan na 2014, shi ne duk ɗan cinikin kwana ukun da yake zuwa daidai lokacin da zan bari. Ni a ganina nan ne faɗan annabin ya fi zafi. Bai zarge ta don ta gaji ba, gajiyar ma ai alheri ce da ta saurare ta. Laifinta taurin kan da yake ɗaukar kowane ɗan sauƙi ya mai da shi hujjar ci gaba.

Na biyu ya buɗe Irmiya 2:25, inda Allah yake cewa kar ki bari ƙafarki ta zama ba takalmi, maƙogwaronki ya bushe da ƙishi, ita kuma tace ba amfani, baƙi nake ƙauna, su zan bi. Yace kalma ɗaya ce da ta Ishaya. A can an yi mata faɗa don bata faɗe ta ba, a nan an yi mata faɗa don ta faɗe ta. Na rikice nace toh wanne ake so. Yace ya danganta da abinda ka fid da rai a kansa, shekara tara ka ƙi fid da rai ga bokaye, dare ɗaya kuma ka fid da rai ga Allah ka hau motar Marwa. Gaskiya ban sami bakin amsawa ba.

Ya sa na karanta sauran surar a hankali, wadda na karanta wa Mama ban ji ba don kunnena ya toshe. Aya ta 11 Allah yana tambaya, ba don na yi shiru tun da daɗewa ba ne baki ji tsorona ba? Haka ne kuwa, da na ga shekara ta farko ta wuce ina koral ina boka aradu bata faɗo mun ba sai na ɗauka babu komai. Aya ta 15 yace yana zaune a wuri mai tsayi mai tsarki, kuma yana tare da mai karyayyar zuciya. Aya ta 18 ita ce ta sa ni kuka a gaban mutum, da girmana, na ga al'amuransa amma zan warkar da shi. Ya gani ɗin, har ƙaguwar ya gani. Fasto ya tuna mun kiran Yesu a Matiyu 11:28 ga dukan masu wahala da masu nauyin kaya su zo ya basu hutu, muka yi addu'a. Yace amma ba'a gama ba, akwai wadda ka ci wa kuɗin tontin. Aka kuma dakatar da ni daga koral wata shida, na karɓa, ya dace.

Gaya wa matata ya fi mun wuya fiye da gaya wa fasto. Na bari yara suka yi barci nace Maman yara ina da magana. Na fara tun daga kwale-kwale har tontin. Tana tsinke zare a bakin wani zani bata ɗago ba. Da na gama nace gobe da asuba zan je in tone layar da ke ƙarƙashin tebur in kai wa fasto a ƙone. Sai a lokacin ta ɗago tace wace laya, mai jan zare a baki? Nace ke ina kika san ta. Tace tun 2016 na tone ta, lokacin da ka tafi kudu da albasa ka bar ni a tebur, na ga ƙasar wurin kullum a jiƙe tana ƙamshi, na sa wuƙa na tono, na kai wa Mama ta shafa ta ji, tace in jefa a masai.

Shekara bakwai kenan ina tashi da duhun Alhamis ina zuba wa ramin banza turare. Su biyun sun sani, suna ta addu'a suna kallona. Na tambaye ta me yasa bata faɗa mun ba, tace da na faɗa da wata zaka je ka sayo, mai tsada ma. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mun ba, ita ma ta yi, daga nan kuma ta fashe da kuka tace keken ne ya fi mata ciwo, don da shi take ganin ita ma mutum ce a gidan.

Mama ta rasu a farkon 2024, mun kai Littafin har Ezekiyel ni da ita, don daga daren nan ni na karɓi karatun. Teburin mai na bar shi, yanzu ina taya wani lodin kaya a kasuwa, abinda ake samu kaɗan ne amma ina barci. Kuɗin tontin na biya, na masu jarka da saura. Ba zan ɓoye muku ba, watan jiya da mai gida ya matsa mana kan kuɗin haya na tsinci kaina ina tuna lambar wayar mutumin Marwa, har yanzu tana kaina duk da na goge ta, sai na tashi na tafi addu'ar Laraba na zauna a bencin baya. Keken kuma mun ga wani na hannu wurin wani tela a Yelwa, jika 45 yace, na bashi 20 ya ajiye mana zuwa ƙarshen wata.